Amsata Ga Matasan Da Suka Buɗe Shafin Bibiyar Ƙudirorin Majalisa

Makon jiya wani tsohon ɗalibina da yanzu yake sana'ar haɗa manhaja ya turo mini adireshin shafin intanet ɗin da suka buɗe shi da abokansa, ya ce, "Malam, don Allah a duba mana, a gaya mana gaskiya." Burinsu shi ne ɗan ƙasa ya riƙa ganin ƙudirorin da ke gaban Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360, ya san wanda ke wakiltar mazaɓarsa, kuma ya iya aika masa da saƙo. Na yi kwana uku ina dudduba shafin, kuma da yake maganar ta shafi kowa, na ga ya fi dacewa in ba da amsar a fili.

Sun cancanci yabo. Shafin yana buɗewa a ƙaramar waya ba tare da ya cinye data ba, kuma da zarar mutum ya zaɓi jiharsa da ƙaramar hukumarsa, sai sunan sanatansa da na ɗan majalisarsa su fito.

Abin da ya dame ni shi ne yadda suka jera matakan da ƙudiri ke bi kamar duk nauyinsu ɗaya ne, alhali ba haka abin yake ba. A karatu na farko sunan ƙudirin kawai ake ambata, babu muhawara. A karatu na biyu 'yan majalisa ne ke tafka muhawara a kan manufarsa gaba ɗaya. Daga nan ake miƙa shi ga kwamiti, kuma a nan ne kaɗai ake buɗe wa talaka ƙofa, domin kwamitin ne ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a, yana karɓar takardun shawara daga ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane. Idan wannan ya wuce, sauran aikin na manya ne: karatu na uku, amincewar ɗaya majalisar, sannan kwana 30 da sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa shugaban ƙasa ya sa hannu ko ya ƙi. Saboda haka, shafin da zai sanar da ni cewa ƙudiri ya tsallake karatu na uku labari kawai ya ba ni, kuma labarin nan zan iya jin sa a rediyo. Abin da nake buƙata shi ne a ce mini ranar kaza kwamiti kaza zai zauna a Abuja, ga inda ake kai takarda, ga kuma kwanakin da suka rage.

Akwai shaidar cewa wannan ƙofa tana aiki. Ƙudirin taƙaita kafafen sada zumunta da Sanata Muhammad Sani Musa na Neja ta Gabas ya gabatar a 2019 ya tsallake karatu na biyu cikin sauƙi, amma da aka zo zaman jin ra'ayi a watan Maris na 2020, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ƙi shi, kuma bai zama doka ba. Waɗanda suka halarta sun halarta ne domin sun ji sanarwar a kan lokaci. Irin wannan sanarwa kuwa a jaridun Turanci ta fi fitowa, waɗanda manomi a Gumel ko 'yar kasuwa a Funtuwa ba za su taɓa gani ba.

Wannan ya kawo ni ga batun harshe, wanda na fi jin zafinsa. Kowa ya tuna yadda Arewa ta ɗauki zafi a kan ƙudirorin haraji huɗu da aka kai majalisa a watan Oktoba na 2024, musamman tsarin rabon harajin VAT, har gwamnonin Arewa suka fito suka ƙi amincewa. An yi wata da watanni ana muhawara a majalisu da gidajen rediyo kafin a sa musu hannu a watan Yuni na 2025, amma a cikin waɗanda na yi magana da su, kaɗan ne ƙwarai suka ga ko da shafi ɗaya na ƙudirorin. Ɗora takardar Turanci mai ɗaruruwan shafuka a intanet ba ya warware wannan matsala. Ina ba su shawara su zaɓi ƙudirori kaɗan masu taɓa rayuwar jama'a, su nemi lauya ya taƙaita su da Hausa mai sauƙi, su kuma naɗe taƙaitawar a matsayin saƙon murya na minti biyu da za a iya turawa ta WhatsApp.

Sun kuma ware wuri mai suna "yadda wakilinka ya kaɗa ƙuri'a", na tarar da shi fayau. Laifin ba nasu ba ne, domin majalisarmu ta fi yanke hukunci da murya: masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, shugaba ya buga guduma. Da wuya ake kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda sanatoci suka yi a watan Yuli na 2021 a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Ya kamata su rubuta wannan bayani ƙarara a wurin, domin mai karatu ya gane cewa majalisar ce ba ta ajiye irin wannan lissafi.

A kan aika saƙo, za su iya koyo daga shafin WriteToThem na Birtaniya, wanda ke komawa ya tambayi mai aikawa ko ya sami amsa, kuma a shekarun baya ya riƙa fitar da alƙaluman. Ɗan majalisar da ya san ana ƙirga shirunsa ya fi saurin buɗe baki.

Majalisun jihohi kuwa sam babu su a shafin, alhali dokar masarautun Kano ta 2019 da wadda ta soke ta a 2024 duk cikin 'yan kwanaki aka kammala su. Na gaya wa ɗalibin nawa su fara da jiha ɗaya, su sami mutum guda da zai riƙa halartar zaman majalisar yana rubuta abin da aka gabatar a ranar, kuma na yi masa alkawarin duba musu Hausar taƙaitawa goma na farko kyauta.