A iƙama direban gida ne ni, amma rewayancin bai bar hannuna ba

Masu tambayata a WhatsApp wai ya Saudiyya, ana samu kuwa, toh gaskiya amsar da tsawo. Ni dai da bizar direban gida na shigo Jidda, shi aka rubuta a iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, kuma a ƙasar nan abinda ke kan iƙama shine kai, ba ruwan kowa da cewa a Kano rewaya ne kai kana zirga-zirgar Ƙofar Ruwa neman kaya. Aikina kai yara makaranta, kai uwargida kasuwa, wanke mota, sai jira, jiran ma yafi aikin yawa. Doka bata yarda kayi wa wani aiki ba in ba kafil ɗinka ba, wato maigidan da ya ɗauko ka aiki, in aka ritsa ka ƙarƙashin motar wani kana karɓar kuɗi to tara ce, wataƙila har da tasa ƙeya gida, dan haka na naɗe hannu. Tuƙin ma sai da na sake nutsuwa, hannun dama suke bi kamar mu amma kyamarar Saher mai kama laifin tuƙi bata san Allah ya baka haƙuri ba, saƙon tara kawai za'a gani a waya.

Abinda yafi damuna da farko kaɗaici ne. Ana cewa Hausawa sun cika Jidda, gaskiya ne, akwai waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa ta Sudan suka zauna, sai dai tsoffin unguwannin irin su Karantina da Sabil da Gulail an rushe su daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, kowa ya kama gabansa, sai na tarar da mutane a warwatse. Wani abokin aiki ne ɗan Zariya ya jani gidan wani dattijo haifaffen nan inda ake haɗuwa daren Juma'a aci tuwo a sha shayi, Hausarsu rabi Larabci, suna maka dariya kana musu.

A ƙofar gidan ne wani baƙon dattijon, shima tsoho ne mai a-kori-kura, ya tada mota zai tafi sai mukaji ƙara kamar an zuba wa injin markaɗe tsakuwa. Ya kashe, ya zare makulli yana riƙe dashi a hannu, amma kik, wato na'urar da ke tada mota, na ta juya inji abinsa, har an fara jin ƙaurin waya. Nace Baba buɗe bonet! Akwai sifana lamba goma? Allah ya taimaka akwai a ƙarƙashin kujera, na kwance kan batir na nagatib, shiru. Hannuna ko kusa da kik ɗin ban kai ba dan zafinsa ana jinsa daga nesa. Tsoho sai salati yake yana cewa ɗana wallahi salf ɗin nan, haka suke ce wa kik a nan, bai daɗe ba da aka canza min shi a wani gareji, kuma saboda wannan matsalar aka canza.

Anan na gane ba kik ɗin bane mai laifi. Ga yadda abun yake ga wanda bai sani ba, in ka murɗa makulli wuta kaɗan ce take bi ta rile, ɗan makunnin nan da ke cikin akwatin fiyus, ta shiga siririyar wayar solonoid, shi kuma solonoid yayi aiki biyu lokaci ɗaya, ya tura ɗan ƙaramin giyan nan na bendis ya shiga haƙoran fulawil, babban faifan ƙarfen nan da ke bayan inji, sannan ya haɗa manyan kwantak guda biyu na tagulla wutar batir ta wuce kai tsaye cikin kik. Kana sakin makulli sifirin ya dawo da komai baya. Bendis haƙoransa tara ne zuwa sha ɗaya galibi, fulawil kuwa sama da ɗari, kenan in inji ya tashi bendis bai fita ba, fulawil zai dinga juya shi ninki goma ko fiye na gudun injin. Akwai ɗan kuloc a cikinsa da ke hana wannan gudun ya kai ga amatoya, wato abinda ke juyawa a cikin kik, amma ba'a yi shi dan ya daɗe a haka ba, yana ƙonewa. Kik kuma kuɗi ne kawai, in haƙoran fulawil suka cinye sai an sauke giyabos.

Da ya huce na tabbatar giya na firi an ja hanbirki, na zare siririyar wayar daga jikin solonoid, na ɗan taɓa kan batir a wurinsa. Shiru, kik bai motsa ba. Da ace ya zabura ya fara juyi alhali wayar a cire, toh kwantak ɗin cikin solonoid ne suka narke suka manne. Tunda bai yi ba, wutar daga sama take zuwa. Ba tes lam, wato fitilar gwada wuta, a wurin, kwan sigina na ciro na ɗaura masa waya, na ɗora kan siririyar wayar, sai gashi ya kama alhali makulli na aljihun Baba. Na buɗe akwatin fiyus na zare rilen kik, kwan ya mutu. Shikenan. Na ɗauko rilen hon mai lamba iri ɗaya na sa a gurbinsa, aka maida komai, mota ta tashi lafiya lau kik ya saki tun kafin ya gama sakin makulli. Nace gobe ya sayi sabon rile, yau dai ya haƙura da hon, yace dama hon ɗin jikoki ne ke wasa dashi. Da ba rilen bane da kan ignishan zan koma, dan akwai wanda sifirin ɗinsa ke mutuwa makulli ya tsaya a wurin tayarwa bai dawo ba, ko waya ta goge ta haɗu da mai wuta.

Wanda nafi gani tun daga ranar shine na mannewar kwantak, kuma yawanci batir ne sila. Zafin garin nan cin batir yake, lafiyayye kaga volt 12.6 a mita in mota na kashe, kuma in ana kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In yayi rauni solonoid baya damƙa da ƙarfi sai ya dinga kakkarwa, kat kat kat, duk kat ɗin nan tartsatsi ne ke cin tagulla, mai mota kuma ya dage da murɗa makulli, har su manne. Ka canza solonoid ka bar batir ɗin da kawunansa masu tsatsa, zaka dawo. Ɗaya nau'in kuma ba ruwan wuta, ƙara kawai zakaji in inji na aiki, kana kashewa tayi shiru, wannan bendis ne ya maƙale a kan shaf, ƙura ta haɗu da tsohon giris ta daskare ko sifirin ya karye, ko kuma an ɗauro kik da ba na motar ba. Shi yasa duk wanda zashi tashlih na Buraiman, inda ake sayar da kayan tsoffin motoci, nake ce masa ya tafi da tsohon a hannu ya ƙirga haƙora ya gwada ramukan noti, kar ya yarda da ai duk ɗaya ne.

Ban ga laifin masu gareji sosai ba, hayar shago tsada, motoci a layi, cire wancan saka wannan yafi musu sauri akan zama da kwan fitila ana bin waya. Amma talaka ne ke biya sau biyu.

Yanzu dai duk daren Juma'a akwai mai jirana da bonet a buɗe, bana karɓar ko riyal, su kuma sun daina cemin baƙo, har gidan suna ake kirana. Wani cikinsu yace in nemi a canza min sana'a a iƙama in koma gareji da hujja. Sauƙin canza wurin aiki da aka kawo a watan Maris 2021 bai haɗa da ma'aikatan gida ba, direba na ciki, dan haka hanyar da tafi min sauƙi itace maigida ya yarda da kansa. Na fara yi masa shimfiɗar maganar ranar da na gyara masa wayar AC ɗin motarsa, yayi dariya yace in bari sai yara sunyi hutu muyi magana.