Bas ɗaya gareni, da ita nake kai mutane shan iska

In na ce wa mutum sana'ata kai jama'a yawon buɗe ido sai ya ɗauka biza nake nema wa mutane ko tikitin Dubai. A'a. Hiace ɗaya gareni, da direba, da wani ƙanina da yake kula da tabarmi da kulolin abinci, muna tashi daga Kano ranar Asabar bayan sallar asuba mu dawo gida kafin isha'i in Allah ya yarda.

Abin ya faro ne daga wani maƙwabcina da yaransa suka dame shi wai sai an kai su bakin teku irin wanda suke gani a waya, shi kuma ba shi da halin zuwa Legas da mutum takwas. Na ce masa Alhaji mu je Tiga mana. Ya ce dam? Na ce e dam ɗin. Wallahi da muka isa yaran nan shiru suka yi suna kallo, don ba su taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba, ga duwatsu ga masunta a kwale-kwale ga iska mai sanyi. Tun zamanin Audu Bako aka yi dam ɗin nan, 1974 aka gama shi, shi yake shayar da gonakin Kadawa, tafiyar kamar kilomita 70 ce daga gari amma akwai wanda ya haura shekara arba'in a Kano bai taɓa taka wajen ba. A hanyar dawowa na ce a raina lallai akwai sana'a a nan.

Mutane suna ganin kamar aikin shi ne ranar tafiya, alhali wahalar tana ranar Laraba. Ni kaɗai nake fara zuwa in duba hanya, in gaida mai gari, in nemi sarkin ruwa in tambaye shi ina ne zurfi, ina yara za su iya tsoma ƙafa, wane mai jirgi ne baya ɗibar mutane fiye da ƙima. Ba mai shiga kwale-kwale a tafiyata sai da rigar hana nutsewa, ko kai waye kuwa, an sha yin fushi da ni a kan wannan kuma ban fasa ba. Sai banɗaki, wanda shi ne babban abin da yake hana mata zuwa irin wuraren nan, shi yasa na sayi ɗan tanti da butoci nake kafawa can gefe, kuma tun daga nan iyaye mata suka fi kowa kirana. Azahar tana yi za a shimfiɗa tabarma a yi jam'i, sannan a buɗe kula, dambun shinkafa da zoɓo, in an dace da masunta a soya mana karfasa nan take.

Wajen da na fi so a raina dai Baturiya ne, can bayan Haɗeja a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Da nisa, sai an yi sammako sosai, kuma lokacin hunturu kawai nake kai mutane, daga Disamba zuwa Fabrairu haka, sanda tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka a fadamar su haɗu da namu na gida irinsu ɗinya da kirinjijiya. Tun 2008 wajen yake cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman fadamun duniya da ake karewa. Ka tsaya da safe ka ga garke guda ya tashi lokaci ɗaya, sai ka ji kowa a motar yana ta subhanallah. Abin da yake damuna ciyawar kachalla ce da take toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman wajen kullum kukansu kenan.

Ɗaliban makaranta kuma Birnin Kudu nake kai su, su ga zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude. Yankari sai an kwana, wannan sau biyu ko uku a shekara saboda ruwan ɗumi na Wikki.

Ana yawan tambayata dajin Falgore, ina cewa a yi haƙuri. Duk inda mutanen gari suka ce min hanya ba lafiya bana zuwa ko nawa za a biya, 'ya'yan mutane ne a motar.

Riba kam ba yawa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ne yake cinye kusan komai, ga masu kama kujera su fasa daren Juma'a bayan an gama cefane, dole yanzu nake karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami. Kuma don Allah masu zuwa da motocinsu, a daina barin leda da robar lemo a bakin ruwa, shanun mutane suna ci suna mutuwa. Mu buhu biyu muke tafiya da su, kafin mu tashi kowa sai ya tsinci na gabansa har manya.

Asabar mai zuwa Tiga za mu koma da wasu malamai mata na islamiyya da ɗalibansu, jibi zan je in ga yadda ruwan ya ja.