Dala goma sha biyar

Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka ba ni ajin CE1, wato aji uku na firamare, a wata lakkwal da ke bakin garin Tawa, yara saba'in da 'yan kai, rabinsu a kan tabarma. Ina ɗan kwantiragi a lokacin, ga ƙuruciya ga zafin kai, kuma babban abin alfaharina shi ne ajina ko tari ba a ji. Duk malamin da ya gifta ta taga sai ya ce, kai, Mushe (wato Monsieur, yadda ake kiran malami) ya iya riƙon yara. Ni kuwa kai ya yi ta kumbura. Ƙannena da kuke fitowa daga makarantar horar da malamai bana, irin wannan yabo zai zo muku, shi ya sa nake so ku ji inda ya kai ni.

Wata Talata muna lissafin ragewa. Na faɗa da Faransanci: kana da faran 100, ka sayi abu na 25, nawa ya rage? Na tashi wata yarinya da ke zama can baya jikin bango, wadda ban taɓa jin muryarta ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ɗauki alli ta rubuta 15 a babban allo. Aji ya tuntsire da dariya. Na ce mata jaka, na sa ta durƙusa har aka kaɗa ƙararrawa.

Da la'asar na tsaya bakin tasha in sayi gyaɗa. Mai tallar ta juyo, sai ga ta ita ce, faranti a ka. Na miƙa mata tsabar dala ashirin na ce ta ba ni ta dala biyar. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta kwance bakin zane ta zaro dala goma da dala biyar ta sa mini a hannu. "Ga canjinka, Mushe, dala sha biyar." Na tsaya da kuɗin a tafin hannu kamar an dasa ni. Tunda dala ɗaya faran biyar ce, faran 100 dala ashirin ce, 25 dala biyar ce, saura dala goma sha biyar, wato 75. Yarinyar nan ta juya lissafina zuwa kuɗin da ta sani, ta rage, ta samu amsa daidai, aiki biyu ke nan inda sauran suka yi ɗaya. Abin da ya rage kawai in tambaye ta, goma sha biyar ɗin mene ne? Ban tambaya ba, don a ajina ba a Hausa. Har sambol, alamar kunyata mai yin harshen gida a aji, nake rataya wa yaro a wuya in ya kuskura ya yi, yadda aka yi mana muna yara.

Abin kunyar shi ne ba ni da hujja ko ta doka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, daga baya kuma, a 2025, kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci na aiki. Kada ku jira a kawo muku littattafai kafin ku yi aiki da hankalinku. Ku bayyana abu da harshen da yaro yake mafarki da shi, in ya gane sai ku ɗora masa kalmar Faransanci a kai. Duk yaron da ya taɓa yin talla yana yawo da jadawalin ninkawa da biyar a kansa, shi dai bai san sunansa ba ne. Kuma nan Adar ku tuna ba kowa ne ya sha Hausa a nono ba, akwai mai Tamashek akwai mai Fulatanci, su ma a nemi ɗan aji ya fassara musu.

Wani dattijon malami da ke riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare, na kai wa kukana. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, ƙanena, gobe ka ce kowa ya zo da ardwaz ɗinsa, wato ɗan allon rubutu na hannu, wanda ba shi da shi a yanka masa kwali a shafa baƙi. Ya shigo ajina ya nuna mini abin da aka koya mana a makarantar horo da sunan dabarar La Martinière, na haddace don jarrabawa na watsar. Ka faɗi tambaya sau biyu, alli yana ajiye. Ka ba su ɗan lokaci su yi tunani. Ka ƙwanƙwasa tebur, kowa ya rubuta. Ka sake ƙwanƙwasawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Ranar na ga cikin kan yara saba'in a lokaci guda, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Yara shida na gaba, waɗanda kullum nake kira, su ne suka gane. Wasu sun juya lambobi, wasu sun kwafi tambayar kanta, wasu allon fari fat. Ashe shekara biyu yara shida nake koyarwa, sauran shiru kawai suka koya. Daga baya da na ji binciken PASEC na 2014, mai auna ilimin 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare a Nijar bai kai matakin karatun da ake so ba, ban yi mamaki ba. Na san ajin da irin wannan yake fitowa.

Ku lura da amsar da ba daidai ba wadda ta yawaita. In yara ashirin suka rubuta kuskure iri ɗaya, akwai dalili a bayansa, kuma sau da yawa dalilin yana bakinka ne kai malami.

Kuna tsammanin na yi hankali daga nan? Bayan wasu shekaru na kwashi adashi na sayi kwamfuta ta hannu da majigi, duk kwance. Na rataya farin zanen matata a bango, na rufe tagogi don a yi duhu, a watan Afrilu, a Tawa! Na kunna musu hoton yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama girgije. Yaran wasu azuzuwa suka cika ƙofa, direkta kansa ya leƙo. Minti goma wuta ta ɗauke, muka fito jiƙe sharkaf da zufa. Washegari na ce a ɗaga allo, daga ina ruwan sama yake zuwa? Abin da suka tuna jirgin ruwan da ke cikin hoton. Da na sa murfi a kan tukunyar shayi na nuna musu raɓar da ta taru a ƙarƙashinsa, nan take suka kama. Ba a Nijar za a koya wa mutane saka na'ura a aji ba, tun 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a Yamai, kafin ma a samu gidan talabijin na ƙasa. Ni dai ban ce kada ku taɓa na'ura ba. Kafin ku kunna, ku san tambayar da za ku yi bayan an kashe.

Wayar da ke aljihunku ta fi majigina amfani. Ku ajiye ta a kan tebur ku ɗauki muryarku darasi guda, ku saurara da dare. Ni da na yi, na ji kaina ina surutu daga farko har ƙarshe, ina tambayar "kun gane?" suna amsawa baki ɗaya, ni kuma ina wucewa. Zaurukan malamai na WhatsApp kuwa akwai alheri, amma na taɓa kwafo takardar shirin darasi ban karanta ba, sai a gaban mai ba da shawara kan koyarwa na tarar lissafin duk na tikitin jirgin ƙasa ne. Ku mayar da shi buhun albasar Galmi ko tiyar hatsi.

Batun ci gaba a aiki, nan ma na yi asarar shekaru. Duk inda aka ce taron horo ina can, don kuɗin zama. Takardun shaida na cika kwali da su, taron CAPED kuwa, inda malaman yanki ke haɗuwa su kalli darasin juna, da yake ba ko dala, sai in sa hannu in sulale. Da aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa a 2017, tambayoyin da nake ganin na ɗan firamare ne suka sa ni gumi, da ƙyar na sha, abokai da yawa ba su sha ba. Daga nan na ware awa ɗaya bayan sallar asuba ina bitar littattafan CM2 kamar ɗalibi, na roƙi a riƙa shigowa ajina ana gyara mini, na zauna na shirya jarrabawar CAP, ta shaidar ƙwarewar koyarwa. Ku fara wannan tun shekarar farko. Hanya tana nan har babbar makarantar malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake horar da masu ba da shawara da sufetoci, ga kuma sashen ilimin koyarwa a jami'armu ta Tawa. Ku adana kowace takardar aiki a leda, ku ɗauki hotonta a waya, don ranar haɗa takardu ba a jin rantsuwa.

Yarinyar nan ba ta kai CM2 ba, an cire ta. Yanzu tana da rumfa a babbar kasuwa, tattasai da albasa da kayan miya, ga goyo a baya. In ta hango ni sai ta ce, Mushe, ina gajiya, ta ƙara mini gyara. Sau da yawa na yi niyyar tuna mata ranar nan in ba ta haƙuri, bakina ya yi nauyi. Canjin da ta ba ni dai ban taɓa ƙirgawa ba.