Kwana Biyar a Birnin Sarakunan Rum

Yayana ne ya saba zuwa Istanbul saro kaya, domin ya daɗe yana shigo da dogayen riguna da takalma daga shagunan unguwar Laleli, kuma da ya ce in raka shi a wannan karon ban tsaya dogon tunani ba. Ni abin da ya kai ni daban ne. Tun ina ɗaukar karatu a zaure nake jin sunan Hiraƙlu, Sarkin Rum wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, wanda kuma ya zaunar da Abu Sufyan ya yi masa tambayoyi, amma ban taɓa samun wanda ya gamsar da ni kan yadda ya hau karaga da yadda aka gaje shi ba. Da na soma koyar da tarihi sai tambayar ta ƙara girma, domin daular da Turawa ke kira Bizantiyam, wadda mutanenta ke magana da Girkanci amma suke kiran kansu Rumawa, ta rayu a wannan birni tun daga shekarar 330 da Kustantin ya ƙaddamar da shi har zuwa 1453, alhali ba ta da rubutacciyar doka kan wanda zai gaji sarki.

Mun tashi daga Abuja da dare, muka sauka da safe bayan tafiyar sama da awa shida. Washegari na shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Sultanahmet, inda na fara da doguwar farfajiyar da ke gefen babban masallacin. A nan ne filin tseren kekunan doki yake a da. Har yanzu dogon dutsen da Sarki Tiyodosiyos ya sa aka kafa a 390 yana tsaye, kuma a gindinsa an sassaƙa sarkin zaune a rumfarsa tare da iyalinsa, fadawa na kewaye da shi, jama'a kuma sun jeru a ƙasa. Na daɗe a gaban wannan sassaƙa, saboda a wannan rumfa ake fito da sabon sarki jama'a su ɗaga murya su amince da shi, a nan kuma suke iya juya masa baya. A 532 suka tayar wa Sarki Jastiniyan, suka naɗa wani mai suna Hifatiyos suka kawo shi wannan fili, har sai da sojoji suka tare ƙofofi suka kashe mutane kimanin dubu talatin, kamar yadda marubutan zamanin suka ruwaito.

Da azahar yayana ya same ni muka yi salla a Aya Sofiya, ginin da Jastiniyan ya kammala a 537 bayan masu wancan bore sun ƙone cocin da ke wurin. Bayan sallama na ja shi zuwa wani wuri ta hannun dama inda ba a shimfiɗa darduma ba. Daɓe ne mai kusurwa huɗu, da babban da'irar dutse a tsakiya, ƙananan da'irori ja da kore da toka-toka kuma sun zagaye ta, kuma an ce a kansa ake naɗa sarakuna. Ya duba ya ce, "To, Malam, su ba su da masu zaɓen sarki ne?" Na ce, "Yaya, suna da su, sai dai ba irin namu ba ne. Sojoji ne da majalisar dattawa da jama'ar birni, sa'an nan babban limamin coci ya ɗora kambi. Duk wanda waɗannan suka amince da shi ya zama sarki, ko da ubansa manomi ne." Na ba shi misalin Jastin na Farko, baƙauyen da ya tako da ƙafa zuwa birnin neman abinci, ya shiga aikin dogari, ya zama sarki a 518, da Basil na Farko, mai horar da dawaki wanda ya samu shiga wurin Mika'ilu na Uku, ya sa aka kashe shi a 867, ya kafa gidan sarautar da ya kai shekarar 1056.

A nan ne na ba shi amsar tambayar da ta kawo ni. Hiraƙlu bai gaji kowa ba. Ɗan gwamnan Kartaj ne, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya taso da jiragen ruwa a 610 ya tumɓuke Fokas, wanda shi ma ƙaramin hafsa ne da ya ƙwace mulki shekara takwas kafin nan. Da Hiraƙlu ya rasu a 641 ya bar wa 'ya'yansa biyu sarauta tare, babban ya mutu cikin 'yan watanni, ƙaramin kuma aka yanke masa hanci, aka yanke wa uwarsa Martina harshe, aka kore su. Dalilin wannan aika-aika shi ne Rumawa sun ɗauka cewa wanda jikinsa ya tawaya bai cancanci karaga ba, don haka maimakon a kashe ɗan sarki sai a lahanta shi, har ma a riƙa ganin an yi masa sassauci. Jastiniyan na Biyu ya karya wannan lissafi, domin an yanke masa hanci a 695, amma bayan shekara goma ya dawo da taimakon Bulgariyawa, ya kutso birnin ta magudanar ruwa, ya sake mulki har 711. Daga nan aka fi karkata ga ido. A 797 Sarauniya Irini ta sa aka makantar da ɗan da ta haifa, Kustantin na Shida, ta yi mulki ita kaɗai shekara biyar. Yayana ya yi salati, bai ce komai ba har muka fito.

Ya koma kasuwa, ni kuma na yanki tikiti na hau benen ginin. A can ƙurya, a jikin bango, akwai hoton da aka tsara da ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya, wanda ke nuna Sarauniya Zoyi riƙe da naɗaɗɗiyar takarda, mijinta kuma riƙe da jakar kuɗi. Na matsa iya inda igiya ta bari, na ga abin da na sha karantawa: a kewayen fuskar mijin duwatsun ba su bi layin sauran ba, rubutun sunansa kuma a matse yake, saboda an ɗaye kan mijin farko da sunansa an maye su da na Kustantin na Tara, mijinta na uku. Jiki da alkyabba da jakar kuɗi suna nan yadda suke, kai kawai aka sauya. Ban ga wani abu a duk birnin da ya bayyana mini halin wannan sarauta kamar wannan bango ba.

Labarin Zoyi ne ya sa na daina kallon daular a matsayin wurin da ƙarfi kaɗai ke aiki. Baffanta Basil na Biyu ya yi mulki daga 976 zuwa 1025 bai yi aure ba, ubanta kuma bai bar ɗa namiji ba, sai sarauta ta koma bin duk wanda ta aura. Mijinta na farko, Romanos na Uku, an tsinci gawarsa a wurin wanka a 1034, a ranar kuma ta auri Mika'ilu na Huɗu. Bayan shi sai ɗan 'yar'uwarsa da Zoyi ta ɗauka a matsayin ɗa, Mika'ilu na Biyar, wanda ubansa mai toshe ɓarakar jiragen ruwa ne. Wannan saurayi ya ga ya zauna daram, sai a watan Afrilu na 1042 ya sa aka aske mata kai aka kai ta tsibiri. Gari bai kwana biyu ba ya kama da wuta. Mika'ilu Sellos, wanda abin ya faru a kan idonsa, ya rubuta cewa har matan da ba a taɓa gani a waje ba sun fito tituna suna kururuwa suna neman ta. Aka fito da ƙanwarta Tiyodora daga gidan masu zuhudu aka naɗa ta, aka jawo sarkin daga cocin da ya fake aka makantar da shi, 'yan'uwan biyu mata suka zauna a karaga tare. Abin da doka ba ta rubuta ba, ƙaunar talakawa ga gida ɗaya ta tabbatar da shi, kuma a ganina wannan ne ya fi kusa da abin da za a kira dokar gado a tarihinsu.

Kafin in sauko na tsaya a kan wani ɗan dutse mai ɗauke da sunan Enriko Dandolo, shugaban birnin Banis na ƙasar Italiya ta yau, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan Salibiyya da suka faɗa wa birnin. A 1195 Aleksiyos na Uku ya makantar da ɗan'uwansa Ishaƙu na Biyu ya hau karaga, ɗan makahon kuma ya tafi Turai ya gayyato mayaƙan Salibiyya da alkawarin dukiyar da ba shi da ita. Ƙarshenta su ne suka wawashe birnin a 1204, kuma daular ba ta sake komawa ƙarfinta ba ko bayan da aka ƙwato shi a 1261.

A rana ta uku na je gidan tarihi na kusa da fadar Topkapi, inda aka jera manyan akwatunan gawa na sarakuna a waje, waɗanda aka sassaƙa daga wani dutse mai launin shunayya da ake haƙowa a hamadar Masar. Da irin wannan dutse aka lulluɓe ɗakin haihuwa na fada, wanda aka haifa a cikinsa kuma yana da daraja ta musamman a kan sauran 'ya'yan sarki. A cikin wannan ɗaki aka ce an ƙwaƙule idanun ɗan Irini.

Rana ta huɗu na shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran da ake kai sarakunan da aka tsige. Mun biya ta Kadikoy, gaɓar da Fokas ya sa aka kashe 'ya'yan Sarki Moris biyar a gabansa kafin a kashe shi a 602. Na sauka a Kinaliyada, ƙaramin tsibiri mai jar ƙasa, na bi hanya mai hawa har na iya hango hasumiyoyin birnin daga nesa. Nan aka kawo Romanos na Huɗu, wanda Sarkin Saljuƙawa Alp Arslan ya kama a yaƙin Manzikat a 1071, ya girmama shi ya sake shi. Kafin ya iso gida 'yan gidan Dukas sun tsige shi, suka makantar da shi a 1072, ciwon ya ruɓe, ya mutu a wannan tsibiri. Abokin gaba ya ji ƙansa, 'yan fadarsa ba su ji ba, kuma rigimar da ta biyo baya ita ta buɗe wa Turkawa ƙofar Anatoliya fiye da yaƙin kansa.

Ranar da za mu taso, yayana ya gama ɗaure kayansa da wuri, muka tafi ganuwar da aka gina a zamanin Tiyodosiyos na Biyu. Muna tafe a gindinta, inda har yanzu ake noman kayan lambu a wasu sassan tsohon gwalalo, na ba shi labarin sarki na ƙarshe, Kustantin na Goma Sha Ɗaya. Da ɗan'uwansa da ke kan karaga ya rasu a 1448 ba ɗa, ƙaninsa Dimitiriyos ya nemi sarautar, uwarsu ta tsaya wa Kustantin, aka kuma aika wa Sarkin Usmaniyya Murad na Biyu ya amince. An ba shi sarautar a Mistra, can ƙasar Girka, a farkon 1449, kuma har ya mutu a bakin wannan ganuwa ranar 29 ga Mayu 1453 ba a ɗora masa kambi a Aya Sofiya ba. Yayana ya tambaye ni inda kabarinsa yake domin mu gani, na ce masa babu wanda ya san inda aka binne shi. Ya ɗan tsaya yana duban tsagin da ke jikin ginin, sa'an nan ya ce la'asar ta gabato, muka tari mota zuwa masallacin Ayyub, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, bayan ganuwar da 'yar tazara.