Kunnuwa takwas a bayan kwale-kwale

Da rani na bar Garwa na nufi tafkin Lagdo a arewacin Kamaru da wani tiyo mai tsawon mita 12. Na jera makirfo takwas na cikin ruwa a cikinsa, mita ɗaya da rabi tsakanin kowane biyu, na cika shi da mai don kada ya nutse ko ya taso. Irin abin da jiragen yaƙi ke ja a baya ne su saurari teku, sai dai nawa na talaka ne. Kukan dorina nake nema.

Ranar farko ban ji komai ba sai injin. Na kwale-kwalenmu da ke jan tiyon yana ruri daga gaba, jiragen 'yan kasuwa na wucewa. Na yi ta yanke sautuka masu kauri a kwamfuta, ashe gurnanin dorina ma a nan yake, na zubar da shi tare da hayaniyar.

Sai na koma kan inda sautin ke fitowa. A ruwa sauti na cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, don haka abin da ya taso daga gaba yana isa kowane makirfo kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa bayan na gabansa. Wanda ya zo ta gefe kuwa duka takwas suke jinsa lokaci guda. Da wannan ɗan jinkirin na toshe kunnen tiyon daga gaba, ƙarar injinmu ta kwanta. Na kuma roƙi a rage gudu, domin ruwan da ke gugar tiyo shi ma ƙara yake.

Matsalar da ta fi cin raina: layi miƙaƙƙe bai san dama da hagu ba. Jirgi na hagu, dorina na dama, allo ya haɗa su wuri ɗaya. Masu kuɗi suna sa makirfo uku-uku a kowace gaɓa, ko na'urar da ke auna ɓangaren da ruwa ya motsa. Ni ba ni da ko ɗaya.

Dattijon da ke tuƙa mu ya ga ina tsaki. "Ɗan nan, me ya faru?"

"Baba, abin nan bai bambance dama da hagu."

"To mai kunne ɗaya ai kai yake juyawa," in ji shi, ya karkata kwale-kwalen. Muka jira tiyon ya miƙe. Tabo ɗaya a allo ya rabu biyu, guda ya matsa gaba, guda baya, gurnanin ya fito daga wajen ciyayin gaɓar dama.