Ranar da na fasa sayen sabon fok

Asabar, da dare.

Gwiwata ta hagu tana zugi har yanzu, hannuwana kuma warin mai suke yi duk da na wanke su sau uku da sabulu. Duk da haka sai na rubuta abin da ya faru yau tun yana sabo a kaina, domin mako uku ke nan ina dakon shawara guda a zuciyata, ta sayen sabon fok, wato shokazobar gaban kekena mai riƙe da tayar gaba, yau kuma ta rushe.

Da sassafe muka fita hawan keke ni da Yaya. Hanyar da muka saba bi ce: doguwar hawa a cikin itatuwa, sai gangara mai duwatsu da saiwoyi, can ƙasa kuma akwai wata kwana ta hagu inda tsakuwa ta lulluɓe busasshiyar ƙasa mai tauri. A kwanar nan na faɗi. Ba wani gudu nake yi ba. Na kwantar da keken, na danne fedar dama, sai kawai tayar gaba ta zame kamar an fizge tabarma daga ƙarƙashina. Kafin in ce me, ina ƙasa, tsakuwa ta cika mini tafin hannu.

Na miƙe ina kakkaɓe jiki, na ce, "Yaya, ka gani ko? Fok ɗin nan ne. Tun yaushe nake gaya maka ba ya shanye gargada, dukan hannuna kawai yake yi."

Bai ce mini uffan ba. Ya tsuguna a gaban keken, ya nuna ɗan zoben robar da ke jikin sandar fok, wanda ke hawa sama duk lokacin da fok ya nutse, ya tsaya a inda nutsewar ta kai. Ya ce, "Milimita nawa fok ɗinka yake iya nutsewa?" Na ce 130. Ya ce, "To duba. Duk duwatsun da muka sauko a kansu, zoben nan bai wuce rabi ba. Rabin fok kake hawa, ƙanena." Sannan ya sa babban yatsa ya ture ɗaya daga cikin haƙoran gefen tayar gaba. Haƙorin ya kwanta, na ga tsaga a gindinsa. Ya ture na kusa da shi, shi ma haka. Tsakiyar tayar ba ta yi sanƙo ba, shi ya sa ban taɓa zarginta ba, ashe haƙoran da ke riƙe ƙasa a kwana duk sun rube daga tushe.

Abin da na shafe mako uku ina yi shi ne kwatanta fok iri uku da nake tunanin saye, RockShox Pike da Fox 34 da Fox 36. Na haddace su kamar karatun jarrabawa. Lambar da ke jikin sunan Fox kaurin sandunan ne a milimita, wato 34 ko 36, ita kuwa Pike 35 ce. Iya kaurin sanda, iya ƙarfin fok wajen ƙin lanƙwasa idan ka danne birki a kan dutse, amma nauyi ma yana ƙaruwa. Har na yanke cewa zan ɗaga nutsewar daga 130 zuwa 150, in huta. Ban taɓa tsayawa na auna wanda nake da shi ba.

Da muka dawo gida, a tsakar gida muka jingine keken. Yaya ya ce in sa duk abin da nake sawa in na fita, hular kwano da jakar ruwa da komai, in hau in tsaya a kan feda yana riƙe da kan keken. Ya tura zoben ƙasa, na sauka a hankali ba tare da na girgiza keken ba, ya ɗauko rula. Milimita 12. Abin da ake so a fok shi ne nauyin mahayi kaɗai ya nutsar da shi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wanda a nawa ya kama milimita 20 zuwa 26. Ni ban kai kashi goma ba. Iska na dinga ɗura masa tun bara, saboda sau ɗaya da ya taɓa buga ƙasa da ƙarfi a wani tsalle, tsoro ya kama ni. Yaya ya ce maganin wannan ba ƙara iska ba ne. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin roba da ake sawa a cikin ɗakin iskar, RockShox na kiran nasu Bottomless Tokens, suna rage faɗin ɗakin, sai fok ya yi laushi a farko amma ya yi tauri idan ya kusa ƙarewa. Ka ga ke nan ka sami laushin ƙananan duwatsu, ka kuma tsira daga bugun ƙasa.

Muka auna shokazobar baya. Tafiyarta milimita 50 ce, kashi 30 cikin ɗari ke nan milimita 15, mun sami 14. Wannan ba ta da laifi, muka bar ta.

Sai ya tambaye ni yaushe na yi wa fok ɗin sabis. Na ce ban taɓa ba, shekara biyu ke nan. Ya girgiza kai, ya aike ni in ɗauko kwano da tsumma. RockShox sun ce a sauke ƙafafun fok a canja mai duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma sun ce a yi cikakken sabis duk awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Ni ina hawa sau biyu a mako, kowace fita ba ta gaza awa biyu ba. Na yi lissafin a kaina, jikina ya yi sanyi.

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Muka sace iskar gaba ɗaya, muka sassauta kusoshi biyu na ƙasa, ya ɗan buga su da gudumar roba, muka zare ƙafafun. Man da ya zubo cikin kwanon bai cika cokali ba, baƙi ƙirin, da ɗan yashi-yashi a ciki. Ƙarƙashin sil ɗin, wato robar da ke hana ƙura shiga, akwai zoben soso wanda aikinsa ya riƙe mai yana shafa wa sandar duk shiga da fita. Nawa ya bushe ƙayau, ya yi launin ƙasa, da na matsa shi tsakanin yatsu sai ƙura ta fito. Wato shekara guda ko fiye ƙarfe da roba suna gugar juna a bushe, ni kuma ina jin zafin a wuyan hannu ina cewa fok ɗin ne ba shi da kyau. Muka wanke ciki fes, muka jiƙa sababbin soso a mai har suka ƙoshi, muka shafa giris a leɓen sil, muka auna mai da sirinji daidai yadda takardar fok ɗin ta ce, muka mayar. Ƙwayar roba ɗaya muka ƙara, muka ɗura iska ƙasa da ta da, har rula ta nuna 24. Da na danna kan keken da tafin hannu kawai, fok ɗin ya motsa. Wallahi na manta yana iya yin haka.

Akwai jan maɓalli a ƙasan ƙafar dama, shi ke saita saurin dawowar fok bayan ya nutse. Tunda mun rage iska, ƙarfin da ke turo shi sama ya ragu, sai muka buɗe shi ƙas biyu don kada ya riƙa jan jiki wajen dawowa. In ya yi jinkiri, dutse na biyu zai same shi bai gama miƙewa ba, na uku ya ƙara nutsar da shi, har ya ƙare a dunƙule yana dukanka.

Maganar ɗaga shi zuwa 150 kuwa, Yaya ya kashe ta a taƙaice. Duk milimita 10 da ka ƙara wa tsawon fok, wuyan keken yana ƙara kwanciya da kusan rabin digiri, wurin feda yana ɗagawa sama, sirdi yana komawa baya. A gangara za ka ji daɗi, a hawa gaban keken zai riƙa ɗagawa yana yawo. Kuma kowane firam yana da iyakar tsawon fok da masu ƙera shi suka yarda da shi. Na duba nawa, 140 ne. Ga kuma abubuwan da dole su dace: faɗin gatarin gaba, wanda a nawa Boost ne mai milimita 110, da wuyan fok mai faɗi a ƙasa da siriri a sama, da girman wili, inci 29. Ba wai sabon fok ba shi da amfani ba ne, ɓangaren da ke sarrafa mai a masu tsada ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai dai ban san me nawa zai iya ba tukuna, ta yaya zan san me nake nema a wani?

Da yamma na koma kan taya, a nan ne kuma na daɗe. Abu uku ne ashe ake zaɓa a taya ɗaya, ni da nake kallon zanen haƙora kaɗai. Akwai zanen, akwai laushin robar, akwai kuma kaurin jikin tayar. A wajen kamfanin taya na Maxxis, MaxxGrip ita ce roba mafi laushi, tana manne wa jiƙaƙƙen dutse da saiwa amma tana saurin cinyewa kuma tana jan ƙafa a hawa. MaxxTerra tsaka-tsaki ce. Jikin tayar kuma daga EXO mai sauƙin nauyi, sai EXO+, sai DoubleDown mai ruɓi biyu, sai na masu tseren gangara zalla. Kamfanin Schwalbe ma haka suka jera nasu, Super Trail da Super Gravity.

Aikin tayar gaba daban, na baya daban. Ta gaba ce ke riƙe ka a kwana. In ta baya ta zame, sau da yawa za ka iya gyara zama ka wuce, amma in ta gaba ta tafi, abin da ya same ni da safe ne. Ta baya kuwa ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ke cin karo da bakin dutse, ita ke yagewa. Don haka laushi da manyan haƙora a gaba, kauri da saurin mirginawa a baya.

Don gaba, na daɗe tsakanin tayoyin Maxxis biyu, Minion DHF da Assegai. A DHF akwai fili tsakanin haƙoran tsakiya da na gefe, sai ka kwantar da keken sosai kafin na gefen su ciji ƙasa, amma in sun ciza sun ciza. Assegai, wadda aka tsara tare da ɗan tseren Afirka ta Kudu Greg Minnaar, ta cike wannan filin da ƙarin haƙora, ko yaya ka karkata akwai abin da ke taɓa ƙasa. Ta fi nauyi, ta fi jan ƙafa. Na tuna kwanar nan da tsakuwarta, na tuna cewa ni ba mai jefa keke cikin kwana da ƙarfin hali ba ne, a hankali nake karkatawa. Assegai na zaɓa, inci 2.5, MaxxTerra, EXO+. Yaya ya so in ɗauki MaxxGrip, na ce a'a, hawanmu yana da tsawo kuma ƙasarmu a bushe take yawancin shekara. A baya Minion DHR II, inci 2.4, ita ma EXO+. Rim ɗina milimita 30 ne a ciki, ya dace da tayoyin da aka rubuta wa WT, wato Wide Trail, domin don rim mai faɗin 30 zuwa 35 aka yi su. In ka ɗora faffaɗar taya a siririn rim, jikinta zai riƙa lanƙwashewa a kwana.

Duka biyun ba tiyub zan sa musu ba. Na buɗe tsohuwar ta baya don in ga farin ruwan da ke toshe huda, na tarar ya daskare ya zama ƙwallon roba yana yawo a ciki. Dama 'yan watanni yake yi ya bushe. Iska kuma zan fara da psi 22, ma'aunin ƙarfin iska ke nan, a gaba, 26 a baya, da geji zan auna, na daina matsawa da yatsa ina cewa ta yi.

Kafin duhu na ɗauki keken na je wata 'yar gangara mai saiwoyi da ke kusa, da tsofaffin tayoyin a jiki, don haka ban kusanci kwana da gudu ba. Sau uku na sauko. Gaban keken ya yi shiru, ƙarar da nake ji a kan saiwa ta koma wani laushin bugu can ƙasa, yatsuna ba su ƙage a kan birki ba. Da na tsaya na duba zoben, ya haura har saura kamar faɗin yatsa ya kai ƙarshe.

Na yanki farin tef na manna a ƙarƙashin firam, na rubuta iskar fok, da adadin ƙas na jan maɓalli, da kwanan watan yau, don in san ranar da awa 50 za ta cika. Tayoyin za su iso cikin mako. Yaya ya ce ranar Asabar mai zuwa kwanar nan za mu fara komawa, in bi ta sau biyar a jere kafin mu wuce gaba.