Godiya ga jama'ar zango bayan gudun famfalaki na Accra

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina.

Alhamdu lillahi, an yi tsere an tashi lafiya, yaranmu kowa ya kwana a ɗakin uwarsa. Har wanda ya faɗi a hanya, wanda labarinsa ya riga mu isa unguwa mata suka fara salati, yana nan garau, jiya ma da hannunsa ya share kwanon tuwon zafi. A madadin 'yan ƙungiyarmu ta motsa jiki nake wannan godiya a nan, don in na ce sai na bi gida-gida, ƙafar da tseren ya bar min ba za ta kai ni ba.

Zan fara da wadda ba mu san sunanta ba. Wata baiwar Allah ce mai sayar da fiya wata a bakin titi, ba ta jin Hausa, da yaren Ga take magana. Da ta ga yaron ya fara tangaɗi ya zube, sai ta sauke robarta daga kai, ta riƙa fasa ledojin da haƙori tana kwarara masa a wuya da hammata, ta kwance zanin da take yin gammo da shi tana masa fifita har ma'aikatan lafiya suka iso. Da muka miƙa mata kuɗin ruwan, ture hannunmu ta yi. Duk wanda ya san ta, don Allah ya haɗa mu da ita, mahaifiyar yaron na son ganin ta.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi, Allah Ya saka miki da alheri, Anti. Ke kika zaunar da mu kika yi mana bayanin abin da muke gani ba mu gane ba: wajen kilomita 30, ƙarfin da jiki ya tara a tsoka daga abinci yake ƙarewa, ga kuma iskar Accra mai danshin teku da ba ta barin gumi ya bushe, shi ya sa jiki ya kasa hucewa. Mai gudu sai ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi, da ɗan gishiri da sukari. Mun ji, mun kuma ɗauka.

Sai Baba, dattijon ƙungiyarmu, wanda ya hana mu watsewa lokacin da ake mana dariya ana cewa ƙarti sun rasa aikin yi sai gudu bayan asuba. Shi ya tuna mana cewa tseren Milo da Accra ta daɗe tana alfahari da shi, 'yan motsa jiki na unguwa ne suka kafa shi, wato ƙungiyar Dansoman Keep Fit, a 1987, kamfanin Nestlé ya ɗauki nauyi. Ya ce da idonsa ya ga yadda ake cika bakin titi ana jiran na farko ya ɓullo. Daga baya aka samu wasu tseren a birnin, irin su Millennium, har 'yan Kenya suna zuwa. Ni dai a ganina wannan tarihin ya fi kowace huɗuba tasiri a kan yaran, domin Dansoman unguwa ce kamar tamu, mutanenta kuma ba su jira gwamnati ba kafin su ɗaura takalmi.

Maganar takalmi kuwa, 'yan kasuwarmu na Kantamanto sun fitar da mu kunya. Duk da gobarar da ta cinye musu dukiya a watan Janairun 2025, haka suka tsaya suna tona dilar gwanjo suna zaɓo mana masu taushin ƙasa, wasu a rabin kuɗi, wasu kyauta. Wani yaro ya so ya yi gardama wai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinare a Rum a 1960. Gaskiya ne, amma da yamma aka yi wancan tseren har aka shiga dare, shi kuwa kwaltar Accra da hantsi sai ta gasa masa tafin ƙafa. Ya karɓi takalminsa.

Iyayen da suka bar 'ya'yansu mata suka fito, na san ba ƙaramin surutu kuka sha ba. 'Yan matan sun yi gudun gajeren zango da hijabinsu da dogon wando, yayyensu maza na gefe, kuma babu wadda ta tsaya a hanya. Ku tuna sai a 1984 aka fara barin mata su yi cikakken tseren, mai kilomita 42.195, a wasannin Olamfik. Ashe ko a can abin bai zo da sauƙi ba.

Hajiya mai koko da ƙosai da ta tashi tun tsakar dare don mu karya, direban trotro, wato motar haya, da ya kai mu ya ƙi karɓar ko sisi, Liman da ya sa mu a addu'a bayan sallar Juma'a, da samarin da suka bi mu a kan babur da ruwa da ayaba, Allah Ya biya ku, Ya albarkaci zuri'a.

Yaron da ya faɗi, likita ya ce ya huta tukuna, saboda haka duk wanda ya gan shi yana gudu ya kamo mana shi. Sauran kuma za mu koma atisaye ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, mahaɗarmu gaban babban masallacin Kanda. Mai takalmin da ya yi masa kaɗan ya taho da shi, akwai ƙananan da ke jira.